Tambayoyi da Amsoshi Kan Makullai Masu Tsaro da Ƙwaya Mai Cirewa, Don 'Yan Kasuwa da Masu Gidaje a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan'uwanmu mazauna Legas suka fi kawo mini a bakin aikina na gyaran makulli: masu sito a Mile 12, 'yan canji a Ikeja da cikin Ikko, dillalan shanu na Oko-Oba a Agege, da masu gidajen haya a Idi-Araba da Obalende. Wasu amsarsu a taƙaice take, wasu kuwa na daɗe a kansu, domin a nan mutane suka fi tafka asara. Zan bayyana yadda makulli yake aiki da inda rauninsa yake, don mai dukiya ya san abin da yake saya da kuɗinsa. Matakan buɗe makullin da ba naka ba kuwa, ba za ka same su a nan ba.

Me ke cikin makulli da yake sa ya karɓi mabuɗi ɗaya ya ƙi sauran?

Yawancin makullan ƙofa da kwaɗunan da ke kasuwa tsari ɗaya suke bi, wanda Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861, bisa aikin da mahaifinsa ya fara. A tsakiya akwai ƙwaya mai juyawa, ita mabuɗi yake shiga. A samanta an huda ramuka biyar ko shida a jere. Kowane rami yana da fil biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan sifirin da ke danna su ƙasa. Idan babu mabuɗi, fil na sama yana gicciye tsakanin ƙwayar da gidanta, ya tokare ta. Haƙoran mabuɗin gaskiya suna ɗaga kowane fil gwargwadon tsawonsa, har mahaɗar fil biyun ta yi daidai da bakin ƙwayar a duk ramukan lokaci guda, sai ta juya. A makulli mai kyau, haƙori ɗaya ya kauce da rabin milimita, ƙwayar ba za ta motsa ba.

To ta yaya wasu suke buɗe shi ba da mabuɗi ba?

Babu injin da yake huda ramukan nan a kan layi ɗaya cif-cif. Kullum akwai ɗan saɓanin da ido ba ya gani, shi ke sa fil ɗaya ya riga sauran cijewa idan an ɗan matsa wa ƙwayar. Mai buɗewa da dabara wannan saɓanin yake bi da yatsunsa, fil bayan fil. Gwargwadon arhar makulli, gwargwadon girman saɓanin, shi ya sa kwaɗon da ake tallarsa a baro yake buɗuwa nan take a hannun wanda ya iya. Akwai kuma masu amfani da girgiza ko bugu don fil ɗin su yi tsalle gaba ɗaya. Duk waɗannan sanannun abubuwa ne ga masu ƙera makulli, kuma a kansu aka gina abin da ake kira makulli mai tsaro.

Me ya bambanta makulli mai tsaro sosai da na gama-gari? Nauyi ne?

Nauyi ba shaida ba ne. Ana iya zuba ƙarfe mai yawa a waje a bar ciki fanko. Abu uku ake dubawa: wuyar buɗewa da dabara, jure wa huda da karyawa, da kuma hana a yanka kwafin mabuɗi ba da izinin mai shi ba. Na ukun nan shi mutanenmu suka fi sakaci da shi, alhali shi ya fi shafar mu.

Kowane babban kamfani da hanyar da ya bi. Medeco, da aka kafa a jihar Bajiniya ta Amurka a 1968, ya yanka haƙoran mabuɗinsa a karkace, ta yadda ɗaga fil kaɗai bai isa ba, sai an juya shi zuwa wata kusurwa, sannan wata sanda da ke gefen ƙwayar ta sami wurin shiga. Abloy na ƙasar Finlan ya bar fil da sifirin kwata-kwata: faya-fayai ne a jere, mabuɗi yana juya kowanne zuwa matsayinsa. Emil Henriksson ne ya ƙirƙiro tsarin a 1907, kuma da yake babu ƙananan sifirin da za su ci tsatsa ko ƙura ta toshe, yana jure wa waje ƙwarai. Mul-T-Lock na Isra'ila, da aka kafa a 1973, ya sa fil a cikin fil, mabuɗinsa kuma shimfiɗaɗɗe ne mai ɗigo-ɗigo a fuska. Dukkan ukun yanzu suna ƙarƙashin rukunin ASSA ABLOY. Ban da waɗannan, ana sa fil masu siririn ƙugu ko masu tsaga-tsaga don su yaudari hannun mai buɗewa, da ƙarfe mai tauri a gaban ƙwayar don ya karya bakin injin huda.

Idan kana son shaidar da ta wuce bakin mai sayarwa, duba kwali. Ma'aunin UL 437 na Amurka yana buƙatar makulli ya jure wa minti 10 na ƙoƙarin buɗewa da dabara da minti 5 na huda. A Turai akwai EN 1303 don silinda (wato ƙwaya da gidanta, da ake sakawa a makullin ƙofa) da EN 12320 don kwaɗo, mai daraja daga 1 zuwa 6. A Ingila akwai TS 007 mai taurari har uku.

Malam, ni dai wanda ba a iya buɗewa sam nake so. Akwai shi?

Babu, Alhaji, kuma duk wanda ya ce maka akwai, kuɗinka yake so. Ka lura ma'aunan da na ambata da minti suke magana. An daɗe da gwada wannan. Joseph Bramah ya ƙera makullinsa a Landan a 1784, daga baya ya rataye ɗaya a tagar shagonsa da alkawarin gini 200 (gini kuɗin zinariya ne na Ingila a wancan zamani) ga duk wanda ya buɗe shi. Ya yi shekaru masu yawa a wurin ba wanda ya iya. A 1851 wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya zo babban baje kolin Landan ya buɗe shi, amma sai da ya ci masa awa 51 cikin kwana 16. A zamaninmu ma, wajen 2008, Marc Weber Tobias da Tobias Bluzmanis sun nuna wa duniya raunin wasu makullan Medeco da manyan ma'aikatun gwamnatin Amurka suke dogara da su.

Abin lura a labarin Hobbs shi ne awa 51 ɗin. Wane ɓarawo ne zai durƙusa a gaban shagonka a Agege ko awa ɗaya, ga maigadi, ga masu shayi, ga masu fitowa sallar asuba? Lokaci kake saya da kuɗinka, da kuma tilasta wa mai mugun nufi ya yi ƙara ko ya bar alama.

Ɓarayin da muke fama da su a Legas, da dabara suke buɗewa?

A abin da idona yake gani idan an kira ni bayan an yi ɓarna, da wuya. Yawanci an datse hancin kwaɗo da almakashin ƙarfe, ko an yanka marataya da giranda, ko an banƙare ƙofa daga firam, ko an shigo ta rufi aka fasa silin. Sai kuma kashi na biyu, wanda ya fi ciwo: ƙofa lafiya lau, makulli ba ko ƙwarzane, kaya sun tafi. Nan take maigida zai ce an yi masa masta ki (mabuɗi ɗaya mai buɗe makullai da yawa) ko an yi asiri. Idan muka zauna muka bi sawun mabuɗan, sai a tarar ɗaya ya taɓa kwana a hannun wani, ko an aiki yaro da shi ya yi jinkirin dawowa. Mai yankan mabuɗi na bakin titi ba ya tambayar kowa takarda, kuma aikin 'yan mintuna ne. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya sa nake matsa wa mutane kan mabuɗin da ba a iya kwafarsa sai da katin mallaka na kamfani, fiye da yadda nake matsa musu kan kaurin ƙarfe.

Na sayi ƙofar ƙarfe da ake ce wa ta Isra'ila ko ta Turkiyya, mabuɗinta mai ɗigo-ɗigo ne. Na tsira?

Ɗigo a jikin mabuɗi siffa ce kawai. Akwai silinda masu arha da yawa da suke da irin wannan mabuɗi amma cikinsu fil na gama-gari ne, kuma ana yanka kwafinsu a kasuwa. Na asali yana zuwa da katin mallaka, wakilin kamfani ba zai yanka maka ƙari ba sai ka nuna katin. Idan kana cinikin ƙofa a kasuwar Odunade da ke Coker ko wani wuri, ka tambayi sunan kamfanin silindar daban da na ƙofar, domin sau da yawa ba ɗaya ba ne. Ba laifi ka sayi ƙofa mai kyau ka cire silindar da ta zo da ita ka sa wadda ta fi ta.

Ga wani abin da masu sabon gini suke mantawa. Ƙofofi da yawa, musamman na Caina, suna zuwa da mabuɗi iri biyu: ɗaya ko biyu a sake don magina da masu fenti, sauran kuma a cikin leda a liƙe don maigida. An tsara su ta yadda ranar da ka sa naka ka juya, na ma'aikatan zai daina aiki. Ka karɓi ledar a liƙe da hannunka. In ka tarar an yage ta, canja silinda. Bayan ka juya naka, ka gwada na ma'aikatan da kanka ka tabbatar ya mutu.

Mece ce ƙwaya mai cirewa da ake magana?

Ƙwaya ce da aka haɗa fil da sifirin da komai nata a cikin gida guda ƙarami, wadda ake zare ta daga gaban makulli a zura wata, ba tare da kwance ko noti ɗaya ba. Kamar yadda kake cire layi daga waya ka sa wani, wayar tana nan yadda take. Frank Best ne ya fito da tsarin a Amurka a farkon shekarun 1920, kamfaninsa ya fara a Siyatil kafin ya koma Indiyanafolis. Idan ka kalli fuskarta za ka ga siffar lamba 8: da'ira biyu, ta ƙasa ita ce mai ramin mabuɗi. Tana ɗaukar fil shida ko bakwai.

Iri biyu ne. Ƙaramar, wadda za ka ga an rubuta SFIC a kwalinta, girmanta ɗaya ne a wurin kamfanoni da dama, don haka ƙwayar Best tana shiga gidan Falcon ko Arrow. Babbar kuwa kowane kamfani da tasa: ta Schlage ba ta shiga gidan Sargent ko Corbin Russwin. An yi tsarin ne don wurare masu ƙofofi da yawa, irin su jami'o'i, asibitoci da manyan ofisoshi. A Legas ba kasafai ake ganinta a gidajen zama ba. An fi cin karo da ita a gine-ginen da aka shigo da kayan ƙofarsu daga Amurka, da wasu kwaɗunan kamfanoni.

Yaya ake cire ta?

Da mabuɗi na musamman, mabuɗin cirewa. A ido kamar sauran yake, haƙoransa ne suka bambanta. A ƙaramar ƙwaya irin ta Best akwai mahaɗa biyu a ciki maimakon ɗaya. Mabuɗin yau da kullum yana daidaita fil a mahaɗar ƙasa, ƙwaya ta juya ta ja sakata. Mabuɗin cirewa yana daidaita su a mahaɗar sama, sai ya juya wani ɗan hannun riga na ƙarfe da ke da haƙori a gefe, wanda shi ne yake riƙe ƙwayar a gidanta.

Ka zura shi har ƙarshe, ka juya dama kaɗan, kimanin digiri 15, za ka ji ya tsaya da kansa. Kada ka ƙara ƙarfi, iyakarsa ke nan. Sai ka jawo a hankali, ƙwayar za ta biyo mabuɗin ta fito tafin hannunka. Leƙa cikin ramin da ta bari: akwai 'yan sanduna biyu a tsaye a can ciki, su ne suke shiga ramuka biyu na bayan ƙwayar. Idan sun karkace sabuwar ba za ta zauna ba, sai ka daidaita su tukuna. Sabuwar ƙwaya da nata mabuɗin cirewar ake sa ta: a juya dama, a tura har fuskarta ta yi daidai da ta makullin, a mayar da mabuɗin hagu, a zare. Kafin ka rufe ƙofa, gwada mabuɗin yau da kullum ƙofar tana buɗe. Duk aikin bai kai minti ɗaya ba. A babbar ƙwayar Schlage kuwa, mabuɗin cirewa ya fi sauran tsawo kaɗan, bakinsa yana taɓa wani fil da ke can ƙarshe.

Silindar ƙofata ma ana cire ta da noti ɗaya. Ita ce wannan?

A'a. Taka ita ce silinda irin ta Turai, wadda ta cika ƙofofin Legas, mai siffar ramin mabuɗi babba. Ita sai ƙofa tana buɗe ake cire ta: a kwance dogon notin da ke gefen ƙofa daidai ƙasan sakata, a sa mabuɗi a ɗan juya har harshen tsakiya ya shige, a zare. Ga mai gida ɗaya ko shago ɗaya, wannan ya wadatar, ba ka buƙatar tsarin Amurka.

Sai dai tana da rauni a tsakiya, inda ramin notin ya rage kaurin ƙarfen, kuma nan take karyewa idan an sami abin kamawa a waje. Don haka auna kafin ka saya. Ana auna ta daga tsakiyar ramin noti zuwa kowane gefe, shi ya sa za ka ga an rubuta 30/30 ko 35/45. Kada ta leƙo waje fiye da milimita 3 daga jikin marfin hannun ƙofa. Ina yawan ganin ƙofa mai tsadar gaske da silinda ta fito waje kusan tsawon gaɓar yatsa, don kawai ita kafinta ya samu a ranar. Akwai masu jure wa karyawa, waɗanda aka yi wa tsaga da gangan a gaba don bakin ya gutsure ya bar sauran a kulle.

Wa ya kamata ya riƙe mabuɗin cirewa?

Mai dukiya da kansa, ko mutum ɗaya tak da ya amince wa, kuma kada ya shiga zoben mabuɗan da ake yawo da su. Mutane suna raina shi don ba ya buɗe ƙofa kai tsaye. Amma wanda ya zare ƙwaya ya sami hanyar kaiwa ga abin da ke jan sakata, kuma yana iya tafiya da ƙwayar ya kwance ta a natse ya karanta fil ɗinta, ya gano lissafin haƙoran mabuɗan ginin gaba ɗaya. Sau da yawa mabuɗin cirewa ɗaya ne yake aiki a duk ƙofofin gini. Ajiye shi a sef tare da takardar lambobin haƙora, kada a rubuta a jikinsa abin da yake yi, kuma idan mai gyara ya zo aiki, a tsaya a kansa har ya gama ya mayar.

Mun karɓi gini mai irin wannan ƙwaya, amma ba a ba mu mabuɗin cirewa ba. Mene ne abin yi?

Kada a fara da huda. A fara da neman takarda: wanda ya yi kwangilar ginin, tsohon manaja, ko kamfanin da ya kawo makullan, domin tsarin irin wannan ba a yinsa sai da rubutaccen lissafi, kuma da lambobin ana yanka sabon mabuɗi. Idan takarda ta ɓace, ƙwararren mai gyara yana iya sadaukar da ƙwaya ɗaya, ya fitar da ita, ya auna fil ɗinta ya lissafo mabuɗin cirewa, sauran ƙofofin su tsira ba tare da an taɓa su ba. Wannan ya fi a bi ƙofa 30 ana huda kowace.

Wasu suna tambaya ko ba za a buɗe ta da dabara har ta fito ba. Ana yi, amma aiki ne mai cin rai ko ga gwani. Da yake mahaɗa biyu ne, wasu fil sukan tsaya a ta sama wasu a ta ƙasa, ƙwayar ta ƙi juyawa ta kowace fuska, kuma hannu ba ya bambance su cikin sauƙi. Kada ka yarda da wanda ya yi maka alkawarin minti biyar.

Abu na ƙarshe: idan ba ka san hannun da tsohon mabuɗin yake ba, yanka sabo bai magance komai ba. Sai an sake jera fil da sabon lissafi.

Ina da ɗakuna 20 na haya. In yi masta ki?

Yana da daɗi, amma ka san farashinsa. Don mabuɗi biyu su buɗe makulli ɗaya, sai an ƙara ɗan guntun fil a ramuka, kowane ƙari kuma yana ƙara yawan mabuɗan da za su iya buɗe shi bisa kuskure, yana kuma sauƙaƙa wa mai dabara. A 2003 wani masanin kwamfuta na kamfanin AT&T, Matt Blaze, ya wallafa yadda mai riƙe da mabuɗin ɗaki ɗaya kacal zai iya gano mastan ginin duka, muddin yana samun mabuɗan da ba a yanka ba. Maganin shi ne tsarin da ba a sayar da irin mabuɗinsa a kasuwa. Shawarata: masta ya tsaya a get, sito, ɗakin janareta da ɗakin famfo. Ɗakin da mutum yake kwana da iyalinsa, bar masa mabuɗinsa shi kaɗai. Ya fi maka kwanciyar hankali ranar da wani abu ya ɓace.

Yaron shagona ya bar aiki kuma ya dawo da mabuɗi. Sai na canja?

Canja, ko da kun rabu lafiya. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce gare ka da shi kansa, domin in an yi sata gobe sunansa za a fara kira. Silinda kawai za ka sauya, ba makullin duka ba.

Ɗan haya ya ƙi biya. Zan iya cire ƙwayar in sa wata ya dawo ya tarar a kulle?

Kada ka yi, Alhaji, kuma mai gyaran kirki ba zai yi maka ba. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta haramta fitar da ɗan haya da ƙarfi ko tsangwamarsa don ya tashi, hukuncin yana kaiwa tarar naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ba, amma a can ma ta kotu ake karɓar gida. Ba da notis yadda doka ta tsara, ka nemi lauya ko sasanci. Wanda ya kulle wa ɗan haya ƙofa yakan tashi daga mai bin bashi ya koma wanda ake ƙara.

Ɗana yana sha'awar koyon buɗe makulli. In bar shi?

Sana'a ce mai kyau, kuma muna da ƙarancin waɗanda suka iya ta da gaske. A Turai da Amurka har ƙungiyoyi ake da su masu yin gasa, da ƙa'ida biyu da nake so kowane mai koyo ya riƙe: ba ka taɓa makullin da ba naka ba sai da izinin mai shi, kuma ba ka gwaji a kan makullin da ake amfani da shi, don kana iya lalata shi. Ka kai shi wurin maigidan sana'a mai shago sananne, ya fara da yankan mabuɗi da jera fil. Ka kuma gargaɗe shi kada ya yi yawo da kayan aiki a aljihu. Dokar laifuka tana hukunta wanda aka kama da kayan fasa gida da dare ba tare da hujja ba, kuma a shingen 'yan sanda shi za a ce ya yi bayani.

Makullaina suna cijewa da damina. In zuba mai?

Ba man gyaɗa, ba manja, ba baƙin mai. Suna sassautawa kwana biyu, daga nan su kama ƙura su daskare, fil su maƙale. Iskar Legas tana ɗauke da danshi, kusa da ruwa kamar Apapa, Ijora da Lekki kuma har da gishiri, ga ruwan Yuni da Yuli. Nemi feshin makulli mai bushewa, ka fesa kaɗan, ka zura mabuɗi ka zare sau da yawa kana goge baƙin da ke fitowa. Garin fensir yana aiki a Arewa inda iska ta bushe, amma a nan yakan cure da danshi. Kwaɗon waje ya zama na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ramin mabuɗi yana kallon ƙasa. Idan mabuɗi ya fara lanƙwasa ko tsagewa a wuya, yanka sabo daga na asali kafin ya karye a ciki. Kwafin kwafi kuma yana cin fil.

Wane kwaɗo ya dace da shago ko kwantena?

Wanda hancinsa yake ɓoye. Almakashin ƙarfe sai ya sami wurin cizo, don haka dogon hanci kyauta ce ga ɓarawo. Nemi mai kafaɗu da suka rufe hancin, ko mai siffar faifai, ko mai sanda miƙaƙƙiya irin na ƙofar naɗi. Sannan ka kai mai walda ya yi wa kwaɗon akwatin ƙarfe a jikin ƙofa, buɗe ta ƙasa kawai, daidai shigar hannu. Duba marataya da kyau: kwaɗo mai daraja ta 5 a kan marataya siririya da aka ɗiga wa walda sau biyu, asarar kuɗi ne.

Me ya sa kake hana makulli mai mabuɗi ciki da waje a ɗakin kwana?

Saboda gobara. Gidajenmu tagogi duk ƙarfe ne, ƙofa ɗaya ce mafita. Cikin hayaƙi da duhu, da yara suna kuka, ba lokacin laluben mabuɗi ba ne. Sa silinda mai ɗan murɗi ta ciki, wadda ake buɗewa da yatsu. Idan akwai gilashi ko taga kusa da za a iya zuro hannu, to a rataye mabuɗi a wuri ɗaya da kowa a gidan ya sani, ƙasa-ƙasa inda yaro zai kai, nesa da tagar. Masu kwana a shago ko sito kada a kulle su ta waje da kwaɗo, ko da su suka nema. Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767.

Na kulle kaina a waje. Me zan tanada kafin mai gyara ya iso?

Katin shaida da abin da ke nuna wurin naka ne: rasit ɗin haya, takardar shago, ko shaidar kiyateka, maƙwabci ko shugaban layinku a kasuwa. Kada ranka ya ɓaci idan ya tambaya. Wanda bai tambaye ka ba, ba zai tambayi wanda ya zo da sunanka gobe ba. Ku yi ciniki kafin ya taɓa ƙofa, ka tambaye shi ko zai buɗe ba tare da ɓarna ba ko sai ya huda, kuma kuɗin sabuwar silinda yana ciki ko daban. Idan makullinka mai tsaro ne na gaske, ka sa ran huda, ka kuma ɗauko katin mallakarka don a yi odar wata. Sabuwar silinda a buɗe kwalinta a gabanka, ka ƙirga mabuɗan da ke ciki ka gwada kowanne kafin ya tafi.